Kitso Ɗaya da Ba Hannuna Ba

Akwai wata magana da kuka daɗe kuna yi a gidan nan, ni kuma na daɗe ina jin daɗinta ina yin shiru. Duk sanda aka taru, biki ne ko suna, jikata Mami ta zame ɗankwali gashin nan ya zubo, sai wata ta ce ai Hajiya ce ta gano kan gashin nan tun yarinyar tana firamare. Ni kuwa sai in gyara zama in ce ai abin baiwa ce. To yanzu da na zauna rubuta muku abin da na sani na rayuwata, na ga bai kamata in tafi da hakkin wata a wuyana ba. Ba ni na gano ba. Koya mini aka yi, ina da shekara sittin da ɗoriya, a kan tabarma a bakin get, mutane suna wucewa suna kallona.

Sai kun fara sanin ko ni wace ce a wajen kitso kafin ku gane girman abin. Aikin jinya na yi har na yi ritaya, ban taɓa ɗaukar kitso sana'a ba, amma a unguwarmu a Zariya babu amaryar da za a kai ɗakinta ba ta zauna a gabana ba. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake riƙe da kibiyar kitso. Zanena yakan yi wata guda bai tashi ba. Mata suna cewa idan Rakiya ta kama miki kai, kwana biyu ba kya iya sunkuyawa, ni kuma a wurina wannan yabo ne. Da wannan taƙamar na iso Abuja bayan rasuwar mahaifinku, lokacin da Auta ya matsa sai na dawo gidansa a Gwarinpa. Matarsa Hanna, Bajamushiyar da ya haɗu da ita wajen karatu, ni na ƙara mata sunan ya zama Hannatu, ta kuma karɓa da murna. 'Yarsu ɗaya a lokacin, sunana aka sa mata, shi ya sa suke ce mata Mami, ni kuma nake ce mata takwara. Shekarunta bakwai lokacin da wannan abu ya faru.

Gashin takwara ba irin namu ba ne, ba kuma irin na uwarta ba. Na uwarta a miƙe yake kamar zaren ɗinki. Namu kun san shi, in kika kitsa sai ya kama kansa da kansa har jela. Nata kuwa ga yawa, ga laushi, ga santsi, kuma ba ya jin magana. Uwarta tana bin sa da buroshi irin nasu, ni ina bin sa da mataji irin namu, dukanmu a bushe, sai ya kumbura ya cika kai ya tsaya. Babu wadda ta taɓa tunanin laifinmu ne. Ni dai cewa nake ba a samu hannun da ya iya ba ne, kuma ga shi hannun ya iso.

Makarantarsu tana da ka'ida irin ta yawancin makarantun garin. Kowace Juma'a a asambuli ake faɗin kitson mako mai zuwa, wannan makon shuku, wancan zane, wani kalaba. Yarinya ko dai ta zo da kitson da aka faɗa kuma ya kai ta Juma'a a tsaftace, ko iyayenta su yi mata aski ƙasa-ƙasa kowa ya huta. Da aka gaya mini dariya na yi, na ce wannan ai an kawo mini aikin gida ne. Ran Asabar sai in wanke kan da sabulu sau biyu har sai ya yi ƙara a hannu, in zaunar da ita a rana ya bushe ƙarau. Ran Lahadi bayan azahar in taje shi tana kuka ina cewa kyau ba ya zuwa a banza, in lafta man shanu, in zuba ƙananan layi talatin, in ɗaure su tamau. Ran Litinin in kun gan ta kamar a ɗauke ta hoto. Ran Talata jelar ta fara warwarewa. Laraba gefen kunne ya fito. Kafin Alhamis rabin kan a waje yake, kamar ban taɓa shi ba.

Ni da ban taɓa yin kitson da ya kwance ba, ai dole a samu mai laifi. Na ɗora wa Hannatu. Na ce ita take jiƙa shi wajen wanka, ko kuma tana sassauta shi a ɓoye don tausayin banza. Har gaban mijinta na faɗa. Ta tsaya da Hausarta ta Abuja, idonta ya kawo ruwa, ta ce:

"Hajiya, wallahi ni ban kwance ba. Shi ne yana kwance da kansa. Kuma Mami tana ce kai yana mata ciwo."

Na ce, "Kowane kai ciwo yake yi. Mu da muka girma da shi mutuwa muka yi?"

Ni kuma mako na zagayowa sai na ƙara ja, na ƙara mai, na ƙara ƙanƙanta layin. Yanzu in na tuna sai in ji kunya ta kama ni, don ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga ƙananan ƙuraje sun fito mata a gaban goshi da ƙeya, na ga gashin wurin ya fara cinyewa, na san ma'anarsa sarai, amma na kau da kai.

Sai ga takarda daga shugabar makaranta. Ta rubuta cikin ladabi cewa an ba da mako biyu, idan kitso bai riƙa kaiwa Juma'a ba, a yi wa yarinya aski kamar yadda ka'ida ta ce. Auta ya karanta a tsaye, ya ninke, ya ce shi ya gaji da kukan kowace Lahadi, mako biyun na cika zai kai ta wurin mai aski da kansa. Wata maƙwabciya ta ce a sa mata man nan na miƙar da gashi, Hannatu ta ce ko kusa, ba za a ƙona wa 'yarta kai ba. Ana wannan ja-in-ja sai takwara da ke kwance a kan kujera ta ce:

"Baba, a aske kawai. Ai kaina ne ba shi da kyau. Na kowa yana zama, nawa ne ba ya zama."

Wannan magana ta soke ni. Yarinyar da ke ɗauke da sunana, a gidan da nake, tana cewa kanta ba shi da kyau. Na ce babu mai aske ta ina raye. Ran Lahadi na yi mata kitson da ban taɓa yin mai ƙarfinsa ba, har yatsuna suka yi ciwo, ita kuma ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ran Laraba ya watse kamar kullum. Mako ɗaya ya tafi, saura ɗaya.

Ran Asabar da safe na zaunar da ita zan tsefe abin da ya rage. Ina bi da kibiya, wannan ya riga ya kwance, wancan ma haka, sai hannuna ya faɗa kan wani kitso a bayan kunnenta na hagu. Yana nan daram. Na ja shi, bai motsa ba, kuma ba ta ce wash ba. Mai kitso ta san hannunta kamar yadda kowa ya san rubutunsa, wannan kuwa ba hannuna ba ne. Ya fi nawa kauri sau uku, gindinsa sako-sako har ina iya zura yatsa, an naɗe jelar da baƙin zare. Kitson da in da 'yar koyo ce ta yi mini shi, da na sa ta kwance. Amma shi kaɗai ya kai Asabar. Na juyo da fuskarta na ce:

"Ke takwara, wa ya taɓa miki kai?"

Sai da na rantse ba zan yi faɗa ba ta ce:

"Lalla ce. Ran Laraba da na sauko daga motar makaranta ina kuka, ta kira ni ta jiƙa hannunta ta gyara mini guda ɗaya. Ko zafi babu, Hajiya."

Lalla matar maigadin layinmu ce, Buzuwa, suna zaune a ɗan ɗakin da ke jikin get. Shekara biyu ina wuce ta. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai in an yi abinci ya ragu in aika mata. Da farko raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wace ce ita da za ta sa hannu a kan jikata. Na miƙe da niyyar in je in wanke ta tas. Amma ina neman mayafi ina sake duban kitson nan, sai na ji wani abu yana taso mini, irin abin da nake ji ina yarinya in na ga sabon zane a kan wata a gidan biki, in bi ta da ido har sai na gane ta inda aka fara. Ashe gashin nan yana zama! Kafin in kai get faɗan ya bi iska, sauri kawai nake ina jan yarinya.

Na same ta tana dafa shayi. Na yi sallama, na nuna kitson, na ce yaya aka yi wannan. Ta dube ni ta dubi kan, ta taɓa ƙurajen goshin da yatsa ɗaya, sannan ta ce da irin Hausarsu:

"Hajiya, gashin ɗiyag ga irin namu na. Ba shi son mataji, ba shi son ja. Ruwa shika so. Ke kuwa kina kashe shi da ƙishirwa, kina shaƙe shi da mai."

Ta ɗan zame lulluɓinta ta nuna mini nata. Ga shi nan kuwa, mai laushi mai lanƙwasa, kusan irin na takwara, a kitse manya-manya har gadon baya. Shekara biyu maganin abin yana bakin get ɗinmu a lulluɓe. Na ce ta zo gida gobe ta nuna mini. Ta ce mijinta zai je Jabi tarar wani ɗan'uwansu a tasha, ba za ta bar get ba kowa, in ina so in zo nan. Ta ce in taho da karkashi. Na ce miya za mu yi? Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai a lokacin na tuna kakata da karkashi take wanke mana kai, ni ce da na shiga makarantar jinya na yar da shi na ce ƙauyanci ne.

Na yi ta juya abin a raina. Ran Lahadi da hantsi matan layinmu suke wucewa Islamiyya, wasu kuma coci, duk ta get ɗin nan, kuma babu wadda ban taɓa yi wa gorin kitson 'yarta ba. Amma kwana shida suka rage tsakanin kan takwara da mai aski. Washegari na ɗauki tabarmata, da bokiti, da ƙullin karkashi, da kibiyata, na ce wa Hannatu ta taso mu je tare.

Abin da Lalla ta yi a ranar, har yau ina iya lissafa shi daki-daki. Ta jiƙa karkashin a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ta tace da tsumma. Na ce ina kanwa, ta ce babu kanwa. Ta raba kan gida huɗu, ta shafe kowane da ruwan yauƙin, sannan ta fara warware shi da yatsu, daga jela tana hawa sama a hankali, ba daga gindi ba kamar yadda muke yi. Mataji ko taɓa shi ba ta yi ba. Ƙullin da nake yaƙi da shi da ƙarfin tsiya sai ga shi yana zamewa da kansa. Takwara da take fara kuka tun kafin a taɓa ta, sai ga ta tana gyangyaɗi. Aka ɗauraye sama-sama, Lalla ta hana a goge da tawul, ta matse ruwan da tsohon zane. Mai kuwa ɗan abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba ta murza a tafin hannu ta bi kan da shi. Sannan ta ce in kitsa yanzu, da danshinsa. Na ce a jiƙe? Ai wari zai yi. Ta ce in dai manya ne iska za ta shiga.

Shuku aka faɗa a makon, ita kuma ba ta san shuku ba, don haka tsagar tawa ce. Na ji daɗin wannan, na ce ko ba komai akwai abin da na fi ta. Na tsaga layi takwas maimakon talatin, na kama na farko, hannuna ya yi abin da ya saba. Sai na ji tas a bayan hannuna. Lalla ce ta buge ni. Tun rasuwar kakata babu wanda ya taɓa buge mini hannu.

"Sassauta, Hajiya. Ba akuya kika ɗaurewa ba."

Hannatu ta juya baya kafaɗunta suna rawa don dariya. Daidai lokacin kuma ayarin 'yan Islamiyya ya iso. Hajiya Talatu ta gidan kusa da mu, wadda na fi yi wa gori, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Hajiya, makaranta aka shiga?"

Na ce, "Aji ɗaya ma kuwa. In kin dawo ki kawo taki jikar, akwai wuri."

Bakina ne kawai ya faɗa, amma ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sau huɗu Lalla ta buge mini hannu kafin mu gama layi takwas ɗin. Kowace jela ta naɗe ta da baƙin zare, ta ce ita jelar irin wannan gashi ba ta riƙe kanta, komai ƙarfin da aka sa a gindi ta nan yake fara guduwa. Ta ce a ɗaura mata ɗankwali mai santsi in za ta kwanta, da safe a jiƙa tafin hannu a shafa gaban goshin, shi ke nan. Da muka tashi na dubi shukun, ni a idona bai yi kyan nawa ba, amma yarinyar tana juya wuyanta yadda take so.

A hanyar komawa gida na tsayar da Hannatu. Ban saba ba, kuma a yadda aka rene mu uwar miji ba ta ba suruka haƙuri, amma na ce mata na ɗora mata laifin da ba nata ba, ta yafe mini. Ta rungume ni a tsakiyar layi irin yadda suke yi, ina ta ce mata ta sake ni mutane na kallo.

Makon nan ban taɓa ganin mako mai tsawonsa ba, ban kuma taɓa jin zumuɗi irin nasa ba. Kullum da safe ni ke raka ta get, in duba layi takwas ɗaya bayan ɗaya, Lalla tana leƙowa ta taga. Litinin lafiya. Talata lafiya, har na fara waƙa a kicin. Ran Laraba, ranar da ya saba watsewa, tun sha biyu nake bakin get, da motar ta tsaya ban bari ta sauko da ƙafarta ba, na cafke kan na duba, ko gashi ɗaya bai fito ba. Na kira Auta a ofis na ce masa Laraba ta wuce, ya ce Hajiya ina cikin taro, na ce taron ya ji shi ma. Alhamis ƙurajen goshin suka fara bushewa. Ran Juma'a takwara ta diro daga mota da gudu tana ihu tun daga nesa:

"Hajiya! Anti ta tsayar da ni a gaban aji ta ce kowa ya kalli shukuna! Ta ce ba za a aske ba!"

Na rangaɗa guɗa a tsakiyar titi, ni da girmana, har masu gadin wancan layin suka leƙo. Sai yarinyar ta ƙara da cewa Anti ta tambayi wa ya yi, ta ce kakarta ce. Lalla tana tsaye a gefena, ta ji. Na buɗe baki in gyara, sai daɗin abin ya rinjaye ni, na yi shiru. Ita ma murmushi kawai ta yi ta koma wajen shayinta. Daga ranar maganar ta samo asali, har ta iso kunnenku. Da shekara ta zagayo ita da mijinta suka koma ƙasarsu, ban sake jin labarinta ba, kuma ban taɓa ambaton sunanta a gaban mutane ba. Ku riƙe shi, Lalla ne.

Washegari Asabar ni kaɗai na yi komai. Na kwance zaren, na tsefe da yatsu, na wanke da karkashi, na matse da zane, na shafa ɗan mai. Ina shirin tsagawa sai ga baƙi daga Zariya, aka shiga gaishe-gaishe da kawo ruwa, aka yi azahar, aka ci abinci, na manta da yarinya sam. Da na tuna na zabura na ɗauki kibiya, ina cewa shi ke nan ya bushe, aiki ya dawo sabo. Na same ta a tsakar gida tana tsaye gaban gilashin motar babanta. Gashin ya bushe da kansa, babu wanda ya taje shi, babu wanda ya ja shi. Ya sauko mata har kafaɗa a nannaɗe, zobe-zobe, kowane da sheƙinsa, in ta motsa sai su yi tsalle su koma. Shekara bakwai gashin nan yana kanta, daga ni har uwar da ta haife ta babu wadda ta taɓa ganin kamanninsa, don kullum muna tarwatsa shi tun kafin ya nuna kansa. Na ƙwala wa Hannatu kira. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe baki da hannu biyu.

Takwara ta ja zobe ɗaya ta sake shi, ta sake ja ta sake. Ba ta juyo ba ta ce:

"Hajiya, wannan nawa ne?"

Na ce, "Naki ne, takwara. Da shi kika zo duniya."

"To kar a kitse yau. Gobe a kitse. Zan je in nuna wa Lalla."

A gidanmu 'ya mace ba ta taka ƙofar gida da kai a tsefe, ni kaina na sha korar yara su koma ciki a kan haka, kuma ga baƙin Zariya sun fito suna kallona su ji abin da zan ce. Na dubi kibiyar da ke hannuna, na miƙa wa Hannatu ita. Kafin in sa takalmi yarinyar ta kai rabin layi, gashin yana tashi yana sauka a bayanta, ina binta ina cewa ta yi a hankali, ko waiwaye ba ta yi ba.